Mai Karatu da Sabon Littafi: Tarihin Wata Al'ada a Ƙasar Hausa

Al'adar jiran sabon littafin marubucin da ake so, a saya ko a karɓo haya, a karance shi cikin dare ɗaya ko biyu, sannan a zauna ana yanke masa hukunci, ba daɗaɗɗiya ba ce a ƙasar Hausa. Ƙagaggen labari a rubutun boko bai cika shekara 100 ba tukuna, kuma a rabin farko na wannan lokaci ba a cika tambayar mai karatu abin da ya gani ba. Hukuma ce take zaɓen abin da za a buga, makarantu su saya su raba, ɗalibi ya karanta domin malami zai tambaye shi. Sai daga tsakiyar shekarun 1980 ra'ayin mai karatu ya yi nauyin da zai ɗaga marubuci ko ya kayar da shi, har daga bisani ya shiga cikin yadda ake ƙulla labarin kansa.

Kafin zuwan Turawa, rubutu da Larabci da ajami na addini ne da ilimi da mulki: fiƙihu, tarihi, wasiƙun sarakuna, waƙoƙin wa'azi. Labarin da aka ƙaga don nishaɗi yana baki, wurin tsofaffi masu yi wa jikoki tatsuniya da dare da masu hira a dandali. A nan mai sauraro ba ya buƙatar ɗan aike, domin yana zaune gaban mai labarin. In ya yi daɗi a yi dariya, in ya gundura barci ya kwashe yara. Da labari ya koma takarda sai wannan kusanci ya yanke, aka kuma daɗe kafin a sake haɗa shi.

A 1933 Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta, kuma shi da kansa ya ba da labarin wuyar da ya sha, domin a ganin yawancinsu ƙaga labari ba aikin mai ilimi ba ne. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin. Abin da hukumar take nema shi ne abin karantawa ga yaran da suka koyi boko. Magana Jari Ce, wanda Imam ya rubuta aka buga juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, shi ma don makaranta aka tanade shi. An so waɗannan littattafai ƙwarai, har yau akwai dattawan da ke kawo dambarwar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ta cikin Ruwan Bagaja da ka. Amma so ne irin na ɗalibi da littafin aji. Ba a saba da zaman jiran sabon labarin wani marubuci ba, kuma da an jira na Tafawa Ɓalewa ko na Bello Kagara da an gaji, domin kowannensu ƙagaggen labari ɗaya ya rubuta ya koma harkarsa.

Wurin da mai karatun boko ya fara buɗe baki shi ne jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma wasiƙun masu karatu suna cikin abubuwan da suka raya ta. Galibin wasiƙun kan al'amuran yau da kullum ne, ba kan littattafai ba, amma sun koya wa malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa cewa mutum yana iya ɗaukar alƙalami ya rubuta wa wanda bai taɓa gani ba, ya yaba masa ko ya yi masa gyara. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sai hukumar wallafa littattafai ta NORLA a farkon shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, wadda aka rufe a 1959, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. A tsawon wannan lokaci an sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, Da'u Fataken Dare na Tanko Zango, Nagari Na Kowa na Jabiru Abdullahi, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da wasu. Jifa-jifa suke fitowa, kuma masu yanke hukunci har yanzu edita ne da masu tsara manhajar makarantu.

Gasar da NNPC ta shirya a ƙarshen shekarun 1970 ta fitar da littattafai uku a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Biyu na farko labaran soyayya ne na mutanen wannan zamani, kuma na Hafsatu shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. A 1982 gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta ƙaro Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, da Zaɓi Naka na Munir Muhammad Katsina. Waɗannan sun nuna akwai masu marmarin ganin rayuwarsu a takarda, ko da yake su ma alƙalan gasa ne suka zaɓe su.

A daidai wannan lokaci masu iya karatu suka yawaita. Shirin ilimin firamare kyauta na UPE, wanda aka fara a 1976, ya shigar da ɗimbin yara aji, maza da mata, birni da ƙauye. A 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya, matan aure da masu sana'ar hannu suka shiga ajin yamma. Da yawa daga cikin waɗannan ba su kai ga Turancin karanta Mills and Boon ko James Hadley Chase ba, amma suna karanta Hausa sarai, kuma sun sha kallon fina-finan Indiya a sinima da talabijin, sun san yadda labarin masoya yake tafiya da tsangwamar iyaye da mugun attajiri. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Tattalin arziki kuma ya taɓarɓare, shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta waɗanda cinikinsu tabbas ne. Matashin da ya aika musu rubutunsa sai ya yi ta jira shiru.

Sai matasan suka fara buga wa kansu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, wanda ya fito a 1984, yana cikin na farko-farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Yusuf Adamu ya fitar da Idan So Cuta Ne a 1989, kuma kafin a kai tsakiyar shekarun 1990 abin ya cika gari. Marubutan Kano suka kafa ƙungiyoyi, wadda ta fi suna ita ce Raina Kama, inda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa da Balaraba suke kan gaba, akwai kuma Kukan Kurciya. Littattafan 'yan Raina Kama sukan ɗauki tambarin ƙungiyar da jerin sunayen littattafan sauran 'yan'uwa, wato wanda ya sayi ɗaya an riga an nuna masa na gaba da zai nema.

Yadda sana'ar take tafiya shi ne ya ba mai karatu ƙarfi, saboda haka ya kamata a tsaya a kansa. Marubuci zai rubuta labarinsa da hannu a littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya kai wa mai tafireta, daga baya mai kwamfuta, sannan ya harhaɗa kuɗi ya kai ƙaramar maɗaba'a. Takardar mai araha ce irin ta jarida, bango kuma zanen saurayi da budurwa, daga baya hotunan 'yan fim. In an gama sai ya kai kaya shagunan littattafai na Kasuwar Sabon Gari da wajen Bata da Kurmi, 'yan sari su kwasa zuwa Kaduna, Zariya, Katsina, Gusau, Sakkwato, Jos da Maiduguri, har Maraɗi da Damagaram da zangunan Hausawa a Gana da Kamaru. A wannan tafiya duka babu edita. Babu wanda zai ce wa marubuci wannan babi ya yi tsawo, ko wannan jaruma ba a san dalilin fushinta ba. Hukuncin farko da littafi yake gamuwa da shi na mai saye ne.

Ƙarancin jari kuma ya haifar da raba labari kashi-kashi. Marubuci ba shi da kuɗin buga labarin duka, mai saye ba shi da kuɗin littafi mai kauri. Sai a fitar da na ɗaya siriri, a yanke shi daidai inda hankali ya tashi, ranar ɗaurin aure ango ya ɓace, ko an kwashi jaruma ranga-ranga zuwa asibiti, a ce sai a tara a littafi na biyu. Kuɗin na ɗaya ne ke buga na biyu, na biyu ya buga na uku. Tsakaninsu akan yi makonni, wani lokaci watanni, kuma a cikin wannan tazara ce al'adar jira da sharhi ta girma. Yaran da aka aiko daga gidaje suna zarya shago suna tambayar ko na biyu ya fito. Mai shago bai karanta littafin ba watakila, amma ya san sunan da ake ta tambaya, ya san wanda ƙura ta rufe a kanta. Wanda ake nema shi zai ba kuɗin buga sabo, ko ya sayi rubutun gaba ɗaya ya buga da kansa. Wanda ba a nema ba, na biyunsa ba zai ga rana ba, kuma akwai labarai da yawa da suka tsaya a na ɗaya har yau. Ta wannan hanya ɗan kasuwa ya zama kakakin masu karatu, shi ne kuma ya fi marubucin cin ribar abin, ƙorafin da marubuta suka daɗe suna yi.

Hanya ta biyu ita ce wasiƙa. Marubuta sukan sa adireshinsu a littafi, akwatin gidan waya ko sunan unguwa ko wani shago da za a iya ajiye musu saƙo, su kuma roƙi mai karatu ya aiko da gyara ko shawara. An amsa wannan kira sosai. Wasiƙar takan fara da sallama da gaisuwa da addu'ar Allah ya ƙara basira. Marubuci namiji Malam ne, mace kuwa Hajiya ko Anti. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni, da Anti Bilki aka fi saninta, kuma wannan kira yana nuna matsayin da masu karatu suka ba ta, na babbar ya ko ƙanwar uwa wadda za a iya kai wa kuka. Bayan gaisuwa sai a shiga batun littafin: ya yi ma'ana, ya faɗakar, amma an yi gaggawar ƙarasawa, ko kuwa kishiyar nan ba ta ga sakayyar da ta dace da ita ba. Sau da yawa daga nan wasiƙar takan bar littafin ta koma kan mai rubuta ta, ta ce abin da ya sami jarumar shi ne yake samuna, me za ki ba ni shawara. Marubuta suka mayar da biki da shafukan godiya da gaisuwa da tukuici a farkon littafi ko ƙarshensa, inda ake jera sunayen masoya gari-gari, wasu ma su buga wasiƙun sukutum. Ganin sunan mutum a sabon littafin gwanarsa ba ƙaramin abu ba ne, kuma yana sa a sayi littafin a ajiye maimakon a yi haya.

Mafi yawan masu karatun nan mata ne, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 mata sun yawaita a rubutun ma. Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa sinima, ba ta zama majalisa, amma littafi yana shigo mata ta hannun yaro ko ƙanwa ko dillaliya. Shagunan haya suka bazu cikin unguwanni, a biya kuɗi kaɗan a ɗauki littafi kwana ɗaya ko biyu. Kwafi guda yakan zaga gida biyar ko goma har bangonsa ya yage a liƙe shi, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a makarantun kwana na 'yan mata kuma a ɓoye shi cikin littafin darasi. Saboda haka yawan kwafin da aka sayar ba ya nuna yawan waɗanda suka san labarin. Gidajen rediyo ma sun faɗaɗa da'irar da shirye-shiryen karanta littattafai, irin su Rai Dangin Goro na Ahmad Isa Koko, har wanda bai taɓa riƙe littafin ba yana da ra'ayi a kansa. Sharhin gaske kuwa, wanda ba a rubuta ba, a wurin kitso da gidan biki da tsakar gida ake yin sa, ana musu a kan jarumai sai ka ce maƙwabta ne.

Ma'aunin da mai karatu yake auna sabon littafi da shi ba irin na malamin jami'a ba ne. Abu na farko da yake yi shi ne gwada shi da na baya: ya kai wancan ko bai kai ba. Yana son ya ji muryar da ya saba da ita, amma in labarin ya yi kama da na baya da yawa sai ya ce marubucin ya ƙare. Yana neman darasi, ko aƙalla yana faɗin haka, domin littafin da aka ce yana faɗakarwa an fi samun bakin kare shi gaban miji ko uwa. Abin da ba ya yafewa shi ne ƙarshe maras adalci. Azzalumi ya wulaƙanta, mai haƙuri ya ga riba, kuma a nuna abin dalla-dalla, kada a taƙaita shi a shafi ɗaya. Littattafan Balaraba sun biya wannan buƙata ba tare da sun yi sassauci ba. A Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho, Sarkin Noma, ta gudu ta yi karatu ta tsaya da ƙafarta. A Alhaki Kuykuyo Ne, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, ƙarshe duniya ta juya masa baya. Dukansu a 1990 suka fito, kuma mata da yawa sun karanta su a matsayin labarin gidajen da suka sani. Balaraba kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta koma karatu a ajin manya.

Littafin da ya fi nuna ƙarfin wannan alaƙa shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990. Sumayya 'yar masu kuɗi tana son Muhammad talaka, aka nufi aurar da ita ga wani attajiri, ta faɗa rijiya. Littafin ya yi kasuwar da ba a saba gani ba, an sake buga shi sau da yawa, an fassara shi zuwa Turanci, an kuma mayar da shi fim. Matasa sun ɗauki kalaman masoyan cikinsa suna sakawa a wasiƙunsu. Iyaye da wasu malamai kuwa suka ce yana koya wa 'yan mata bijirewa, har aka riƙa jingina masa labaran 'yan matan da aka ce sun kwaikwayi Sumayya. Marubucin ya tsaya a kan cewa auren dole yake yaƙa, kuma auren dole ya riga littafinsa zuwa duniya.

Daga nan masana suka shigo. Tun farkon shekarun 1990 aka fara muhawara a jaridar Nasiha, daga baya ta koma New Nigerian ta ƙarshen mako, a shafukan adabi da Ibrahim Sheme yake kula da su. Ibrahim Malumfashi ne ya yi wa littattafan laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da 'yan ƙananan littattafan kasuwar Onica, yana ganin yayi ne da zai wuce, kuma yana sukar raunin rubutunsu da aron da suke yi daga fina-finan Indiya. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Sheme suka kare su, suna cewa sun sa dubban mutane karatu, kuma suna maganar abin da ke damun matasa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Kurakuran rubutu da maimaita jigo ɗaya ba ƙage aka yi wa littattafan ba, kuma rashin edita ne ya jawo su. Amma muhawarar, wadda rabinta da Turanci aka yi, ba ta taɓa cinikin shago ko ɗaya ba. Matar da ke jiran na uku ba ta san ana yi ba.

Ƙaunar masu karatu tana da nata nauyin a kan marubuci. Wanda aka san shi da soyayya, in ya juya ga wani jigo, yakan ga cinikinsa ya ja baya. Wannan ne ya sa aka sami rukuni-rukuni: Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro suna da masu bin su don sarƙaƙiya da ban tsoro da bincike, Abdul'aziz Sani Madakin Gini yana da samarin da ke jiran labaran yaƙi da jarumta, marubuta mata kuma suna riƙe da zaman aure da kishi da dangin miji. Littattafai masu kauri da aka buga a dunƙule, irin 'Yartsana na Ibrahim Sheme da Mace Mutum na Rahma Abdulmajid, sun sami yabon masu nazari, amma hanyarsu daban ce da ta littattafan haya.

Fim ya ɗebi nasa rabon. Bayan fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sana'ar bidiyo ta bunƙasa a Kano, kuma marubuta da dama, ciki har da Ado da Bala Anas da Ɗan'azumi Baba da Balaraba, suka shiga ciki. Mujallu irin su Tauraruwa da Fim, wadda Sheme ya fara a 1999, suka buɗe shafukan wasiƙu, sai aka sami sabon nau'in ƙorafi: fim bai kai littafin ba, wadda aka ba matsayin jaruma ba haka take a zuciyar mai karatu ba. Hukuma ma ta shigo. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, da ikon da ya haɗa da littattafai. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta shirya ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai a wata makarantar 'yan mata, gwamna Ibrahim Shekarau yana wurin, ta kuma ɗauki nauyin buga wasu da take ganin sun fi dacewa. A 2008, zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim yake shugabantar hukumar tacewa, aka yi takaddama da ƙungiyoyin marubuta kan batun rajista da tace rubutu kafin a buga. Wannan ya sa marubuta taka-tsantsan, amma bai sauya wanda masu karatu suke so ba.

Abin da ya sauya al'adar daga tushe shi ne waya. Da layukan salula suka shigo Nijeriya a 2001, lambar waya ta maye gurbin akwatin gidan waya a bangon littafi. Wasiƙar da take yin mako biyu a hanya ta koma kira, wani lokaci da tsakar dare, daga wadda ta gama na biyu yanzun nan ba ta iya haƙuri zuwa safiya. Daga shekarun 2010 kuma labarin kansa ya koma cikin wayar, ta Facebook da WhatsApp da Wattpad, sai manhajojin sayar da littattafai irin su OkadaBooks da ArewaBooks, ga masu karantawa da murya a YouTube. Tsadar takarda ta ƙara tura mutane can, shagunan haya suka yi ta rufewa, wasu masu sayar da littattafai suka koma wata sana'a. Gasa ba ta mutu ba: Sashen Hausa na BBC ya fara Hikayata ta mata zalla a 2016, Aisha Muhammad Sabitu ta ci ta farko da labarinta Sansani, kuma gasar ta fito da sababbin sunaye. Sai dai gajerun labarai ne, kuma yawancin dogayen labaran da ake karantawa yau ba ta hannun alƙalai suke biyowa ba.

A tsarin yanzu marubuciya takan saki labari shafi-shafi, kullum ko bayan kwana biyu. Na farko-farko kyauta ne, in labari ya kama sai a ce mai son ci gaba ta tura kuɗi ta banki ko katin waya a saka ta a zauren waɗanda suka biya. Dabarar nan ta na ɗaya da na biyu ce, sai dai tazarar ta dawo awoyi, kuma ɗan kasuwar da ke tsakiya ya fita. Sharhi yana zuwa a daren da aka saki shafi, masu karatu su rabu gida biyu, masu goyon bayan uwargida da masu goyon bayan amarya, marubuciya kuma takan yi barazanar dakatar da rubutu in sharhi ya yi ƙasa. Tun da labarin ba a gama rubuta shi ba, abin da aka faɗa yau yana iya shiga shafin gobe: a tsawaita rawar wanda aka so, a sassauta wa jarumin da aka ji tausayinsa. Wannan yana sa labari ya yi rai, yana kuma sa ya yi tsawon da ba shi da dalili, ga sauƙin zamewa zuwa batsa in an ga ita ke jawo masu biya, abin da marubutan kansu suke yawan kokawa a kai. Satar fasaha ta fi ta da sauƙi, domin wadda ta biya tana iya tura littafin duka ga mutum ɗari cikin minti ɗaya.

Akwai kuma matsalar adanawa. Littattafan shekarun 1990, duk da raunin takardarsu, an tattara da yawa daga cikinsu. Graham Furniss ya tara ɗaruruwa a makarantar SOAS ta Landan, masana a Kano ma sun tara nasu, har Alhaki Kuykuyo Ne ya sami fassarar Turanci ta Aliyu Kamal, wadda wani kamfani a Indiya ya buga a 2012. Labarin da aka saki a zauren WhatsApp kuwa, shi da sharhin da aka yi masa, yana tafiya ne ranar da aka rufe zauren ko wayar ta lalace. Manhajojin ma ba su da tabbas: OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a ciki, ta rufe a ƙarshen 2023.